Hafsan Jamus mai tausayi a fim: gaskiya ne ko ƙirƙira?

Malam, ka tambaya ko hafsan Jamus mai tausayi da ake nunawa a finafinan Yaƙin Duniya na Biyu ƙirƙira ce. Ba koyaushe ba. Kyaftin Wilm Hosenfeld na fim ɗin The Pianist ya rayu da gaske: a Warso, babban birnin Poland, ƙarshen 1944, ya rufa wa wani Bayahude makaɗin piyano mai suna Szpilman asiri, yana kai masa burodi. Sai dai ɗan jam'iyyar Nazi ne tun 1935, abin da mai kallo ba zai gane ba. A hannun Tarayyar Sobiyet ya rasu, a 1952.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora wa SS, dakarun jam'iyyar Nazi, duk ta'asar, a wanke Wehrmacht, wato rundunar sojojin Jamus ta lokacin. Su ma sun kashe fararen hula a gabashin Turai. In bincike kake yi, nemi malamin tarihi ya duba maka.