Sadiku, kada ka kai goɗiyar nan baye a kwana tara

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, barka da arziki. Allah ya raya duƙusar, ya sa mai albarka ce. Ka ce goɗiyar da surukinka ya ba ka ta haihu daren Litinin a gonarka ta Kuje, mabiyiya ba ta faɗo ba sai da hantsi, yanzu kuma yaron da ke kula maka da ita ya dage sai an kai ta baye ranar kwana tara, wai haka al'ada take, in aka tsallake sai ta shekara ba ta ɗauka ba. Kana tambaya ko haka ne, da kuma abin da ake ba mai ingarma.

Yaron bai ƙirƙiri maganar ba, mu ma haka muka taras. Goɗiya takan nemi namiji tsakanin kwana 7 zuwa 12 bayan haihuwa, kuma tana iya ɗauka a lokacin. Cikinta wata 11 ne, wajen kwana 340, to duk mai son ta riƙa ba shi ɗa kowace shekara wata ɗaya kacal ya rage masa, shi ya sa magabata ba sa wasa da wannan zuwan na farko. Amma da sharaɗi suke yi, sharaɗin ne ya ɓace a hanya. Tsofaffin gidanmu ba sa fitar da goɗiya sai wadda ta haihu sumul, ta yar da mabiyiya nan take, ba ta yage ba, babu wani ruwa mai wari da ke bin bayanta. Taka ba ta cika wannan ba.

Kada ka ga laifin yaron sosai. Mu mutanen gari ingarma muka sani. Je ka hawan sallah a Kano ko Zazzau ko Katsina, maza za ka gani ƙarƙashin sirdi, goɗiya tana can ƙauye. Dawakin ma akasari sayo su ake yi manya, ta kasuwannin kan iyaka irin Maigatari da Mai'aduwa, daga Nijar da Chadi. Sai ka sami ɗan barga ya ƙware a ɗaurin sirdi da wanka da ba da kanwa, amma bai taɓa tsayawa kan haihuwa ba, abin da ya sani ji ya yi a bakin wani. 'Yan ƙwallon dawaki ne ma suka sa ake ganin goɗiya a bargar birni, don su ba ruwansu, in dai tana da gudu da saurin juyi hawa suke yi.

Maganar mabiyiyar nan ita ta fi damuna, fiye da bayen. Saniya kan kwana da tata a rataye ta tashi lafiya, mutanenmu kuma da idon shanu suke kallon komai. Goɗiya ba haka take ba. In awa uku ta wuce ba ta faɗo ba, likita ake kira, ya yi mata allurar da ke sa mahaifa ta matsa. Ba a ja da hannu, sai dai a ƙulle abin da ya rataya don kada ta taka. Idan ta faɗo kuma shimfiɗa ta ake yi a ƙasa a duba, domin mahaifar goɗiya reshe biyu gare ta, kuma ƙarshen reshen da ɗan bai kwanta a ciki ba shi ya fi yankewa ya maƙale. Ɗan guntun da ya rage ya isa ya ruɓe, dafinsa ya shiga jini, ya sauka a kofato. Za ka ga ta tsaya ta miƙe ƙafafun gaba, ta mai da nauyinta baya, kofaton ya yi zafi, ba ta son takawa. Dokin da ya kai nan, ko ya rayu, da wuya ya koma yadda yake. Ban san ko an duba taka ba, na fi zaton an binne kawai. Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka yi maganar ingarma da kowa, nemo likitan dabbobi wanda ya saba da dawaki ya duba cikinta, in da buƙatar wanke mahaifa ya wanke. Ka sayi ma'aunin zafi a kemis, a riƙa auna ta safe da yamma. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, in ta haura haka ko ta ƙi cin dusa kada a jira gari ya waye.

Batun cewa za ta shekara ba ta ɗauka ba, wannan tsoratarwa ce. Goɗiya tana zagayowa kusan kowane kwana 21. A Ingila da ƙasashen sanyi ne suke ɗaukewa in rana ta gajarta, mu nan tsawon yini bai cika canzawa ba, abin da ke ɗauke wa tamu sha'awa yunwa ce da rama. In ka bar wannan zuwan ya wuce, wajen kwana talatin da haihuwa za ta sake nema, mahaifa ta koma daidai. Mako uku ka rasa. In kuwa ka kai ta da ciwo a ciki, maniyyi ya tarar da ruwa da mugunya, ba za ta ɗauka ba, ko ta ɗauka ya zube tun ba a sani ba, ciwon kuma ya zauna. Yawancin waɗanda ake yi wa laƙabin juya, ana cewa baki ne ko sammu, daga nan abin ya samo asali. Wasu kuma tsufa da rama ne suka sa bayansu ya faɗa ciki, gaban yana zuƙar iska da kashi, ɗinki kaɗan likita zai yi a saman wurin su koma haihuwa.

Idan lokacin ya zo, zuwan nata kwana biyar zuwa bakwai yake yi. Za ta riƙa ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan-kaɗan, tana tsaya wa namiji maimakon ta harbe shi. Ƙwan yana fita ne kwana ɗaya ko biyu kafin ta ɗauke, shi ya sa masu kai ta sau ɗaya a ranar farko su dawo gida suke shan kunya. A fara daga rana ta biyu ko ta uku, a riƙa tsallake rana ɗaya, har ta ƙi shi da kanta. A naɗe mata gindin wutsiya da tsumma mai tsabta, a wanke su duka biyu da ruwa zalla. Bayan kwana 14 zuwa 16 da bayen ƙarshe a yi mata sikanin. Na san za ka ce kuɗi, amma a nan ake gane tagwaye, kuma tagwaye a goɗiya ba abin barka ba ne. Mahaifarta ba ta ɗaukar biyu, galibi ɓari take yi ciki ya tsufa, ka tashi ba ko ɗaya. A wannan kwanakin likita na iya fasa guda ya bar guda.

Shi ingarman ma ka sa masa ido, kada kyan tsayuwa da kwarjini su ruɗe ka. Wanda duk goɗiyar yankin ake kai masa, abin da ya kwaso daga waccan shi zai sauke wa taka. Akwai cutar da Turawa ke kira durin, dangin sammore ce amma ba tsando ke kawo ta ba, ta baye take yaɗuwa. Gaba yana kumbura, fata ta yi tabo zagaye kamar kwabo, dabba ta rame, ƙugu ya mutu, kuma ba ta da rigakafi. In kana da shakka a ɗebi jininsa a kawo nan Vom ta jihar Filato, cibiyar binciken cututtukan dabbobi tana nan tun 1924, daga gidana ba nisa.

Abin da ake ba mai ingarma kuwa, a gidanmu ba a taɓa yin ciniki ba. Ana kai goro da ƙwaryar dawa ko damin harawa don dokin, a sa wa mai riƙe linzami wani abu a aljihu, in an haihu a aika masa albishir. Wannan ma ba haka kawai ya faɗo ba. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba, Tirmizi kuma ya kawo cewa an yi rangwame a kan kyauta. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a yi hayarsa na kwanaki sanannu ko adadin hawa sananne, abin da suka hana shi ne a ce an biya har sai ta ɗauka, don wannan ba a hannun kowa yake ba. To in mutumin Abuja ya yanka maka farashi, ku yi shi a kan kwanaki, ku faɗa a gaban shaida.

Ita duƙusar, ina fata ta sha dakashi a awoyin farko, don jinin uwa ba ya ba ta kariya a ciki, sai ta wannan nonon. A riƙa shafa mata aidin a cibiya, a tambayi likitan maganar allurar tetanus, ita da uwar. Wajen kwana bakwai zuwa goma sha biyu za ta iya ɗan yin zawo, in tana shan nono tana tsalle-tsallenta ba komai, wanke mata baya kawai za a yi. Uwar kuma a ƙara mata harawa da dusa, ruwa kada ya yanke a gabanta.

Ka turo min hoton bayanta da na tsayuwarta ta WhatsApp, ka kuma gaya min abin da likitan ya ce. Ka gai da mai ɗakinka da yara, Gwaggonka tana gaishe ku.