Amsa: gurbin da ya ɓuya, ina amsarsa take zuwa?

Malam, ka tambaya: idan mutum ya cike gurbi a fom, sannan ya canja amsar sama har gurbin ya ɓuya, abin da ya rubuta zai shiga rumbun bayanai? Ya danganta da manhajar.

A KoboToolbox da ODK, manhajojin tattara bayanai, sharaɗin da ka sa a layin "relevant", wato inda ake faɗin lokacin da gurbi zai bayyana, shi ke hukunci. Idan sharaɗin bai cika ba, ba a tura amsar. Na gani da idona a Garwa, muna rajistar manoman auduga: wani dattijo ya ce yana da shanun noma, muka rubuta 4, can sai ya ce ai na ƙanensa ne. Muka mayar da amsar ko yana da shanu "a'a". Da na sauke teburin amsoshin, gurbin yawan shanun fayau.

Fom ɗin shafin intanet kuwa, nan ake yin kuskure. Idan da CSS (abin da ke tsara kamannin shafi) kawai aka ɓoye gurbi, burauza za ta tura abin da ke ciki. Wanda aka yi wa "disabled", wato aka kashe shi, ne ba ta turawa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin lambar wayar da mutum ya fasa bayarwa amana ce.

Kafin ku fita Marwa, cike fom ɗin da kanka, canja amsa, tura, ka duba teburin.