Ƙwari masu kama da sauro sun rufe tafkina: in yi feshi?

Tambaya: Malam, ina kiwon kifi a wani ɗan tafki, masunta kuma na zuwa fatsa. Kwanan nan, da la'asar ta yi sanyi, sai wasu ƙananan ƙwari masu kama da sauro su tashi su yi cincirindo a kan ruwa kamar hayaƙi. Ba su ciji kowa ba, amma hankalina bai kwanta ba. In fesa magani?

Amsa: Ajiye injin feshin nan tukuna. Kama ɗaya ka duba bakinsa. Sauro yana da dogon tsinke na shan jini, waɗannan ba su da shi. In sun sauka, ƙafafun gaba suke ɗagawa, sauro kuwa na baya yake ɗagawa. Masana suna kiran danginsu Kironomida. Taron da kake gani yawancinsa maza ne, suna shawagi suna jiran mata. Kwana kaɗan suke yi a duniya, su yi barbara, su zuba ƙwai a ruwa, su mutu.

Amfaninsu yana can ƙasa inda idonka ba ya kaiwa. Ɗebo laka daga gindin tafki ka tace, za ka ga 'yan tsutsotsi jajaye wur. Su ne 'ya'yan. Jan ya samo asali ne daga sinadarin himoglobin, irin wanda ke cikin jininmu, shi ke ba su damar rayuwa inda iskar oksijin ta yi ƙaranci. Suna cin ruɓaɓɓun ganye da dattin da ya kwanta, kifi kuma ya cinye su. Tarwaɗa tana tonon laka dominsu, 'yan kifi kuma suna saurin girma a kansu, don kusan rabin busasshen nauyin tsutsotsin furotin ne. A ruwa mai ɗumi, daga ƙwai zuwa fiffike bai fi mako 2 zuwa 3 ba, wato abinci ne da ke sabunta kansa ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Lokacin da suke tasowa daga laka zuwa sama don su fito da fukafukai, nan kifi ya fi wawure su. Shi ya sa a irin waɗannan ranaku masunta ke ƙorafin kifi ya ƙi taɓa koto. Ya ƙoshi ne.

Ba tafkinka kaɗai ba. A Tafkin Malawi, wani ɗan uwansu yana tashi har daga nesa a ɗauka gobara ce a kan ruwa.

Magungunan feshi kuwa, musamman dangin fairitiroyid, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi. Ka rasa abincin, ka rasa mai cin.

Abu ɗaya nake so ka sa wa ido. In jajayen tsutsotsin suka yi yawa ainun, ruwan ya koma kore shar, kifi na tasowa da asuba yana haki, to taki ko ragowar abinci sun yi wa ruwan yawa. Rage abincin da kake zubawa, ka tare ruwan da ke gangarowa daga gona ko garke, ka ƙara sabon ruwa.

In ƙwarin suna damun ku a ɗaki da dare, haske ne ke jawo su. Kashe fitilar bakin ƙofa, ka rataye wata a kan ruwa. Duk wanda ya faɗo, kifi na jira a ƙasa.