Ku Tambaya: An kama min ɗaki a saman mashaya a wani ƙauyen Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Wurin aikinmu ne za su tura ni kwas na sati biyu kusa da Peterborough a Ingila, da na duba takardar masauki sai na ga a wani ƙauye ne wai shi Stilton, sunan wurin The Bell Inn, na tura wa abokina da ya taɓa zama can sai ya ce min ai mashaya ce. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In je ko in nemi a canja min? Daga wani ma'aikaci a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, ana sayar da giya a wurin kam, amma rabin zancen ya ba ka. Stilton tana kan tsohuwar hanyar da ta tashi daga Landan ta miƙe arewa har Edinburgh, kuma kafin jirgin ƙasa da keken doki ake wannan tafiyar, kwana da kwanaki, doki kuwa ba ya jan keke ya wuce mil goma zuwa sha biyar sai an canja shi. To shi ya sa aka jera masaukai a bakin hanyar, kowanne da babbar ƙofa da keke zai shige, da tsakar gida, da bargar dawaki, da ɗakunan kwana a sama. Zangon fatake ne kawai irin nasu. Wanda aka kama maka ginin dutse ne tun ƙarni na 17, kuma a nan wani mai masaukin, Cooper Thornhill, ya riƙa sayar wa matafiya wani cuku mai jijiyoyi shuɗaye a shekarun 1730, har cukun ya shahara da sunan ƙauyen. Abin dariyar shi ne yau doka ba ta yarda a yi cuku a Stilton a sa masa sunan Stilton ba, sai a gundumomi uku, Derbyshire da Leicestershire da Nottinghamshire. Turawa da dokokinsu sai su.

Jirgin ƙasa ne ya fara kashe wa irin waɗannan wurare kasuwa wajen 1850, mota ta ɗan farfaɗo da su, sai kuma aka karkatar da babban titin A1 ya bi ta bayan gari a ƙarshen shekarun 1950. Waɗanda suka tsira otal suka koma da gidan abinci, kantar giyar tana ɓangare guda, ɗakinka yana wani ɓangaren, za ka iya karɓar makullinka ka haye ba ruwanka da kowa.

Ni inda na fi so ka buɗe ido shi ne abinci, don a nan mutanenmu suka fi faɗawa ba su sani ba. Karin kumallonsu na gargajiya naman alade ne a gaba a baya, har da wani baƙin abu zagayayye kamar an yanka tsiren hanji, jini ne aka dafa, kar ka taɓa. Ka ce ƙwai da wake da burodi da shayi kawai kake so. Kifi da soyayyen dankali da kowa ke gudu wajensa ma sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da aka tsoma kifin, haka wani fanke mai naman sa a ciki, da giya ake dafa romonsa. Ka tambaya, ba sa jin haushi, sun saba da masu cewa ba sa cin wannan ba sa cin wancan. Masallaci da naman halal kuwa sai ka shiga Peterborough, akwai Musulmi da yawa musamman 'yan asalin Pakistan, kuma tafiyar ba ta wuce minti ashirin a mota. Idan duk da haka zuciyarka ba ta natsu ba ka nemi a mayar da kai otal a cikin birni, sai dai ka sani yawancin otal ɗin ma da kantarsu a ƙasa.

TAMBAYA: Malam ni nas ce, ina aiki a gidan kula da tsofaffi a wani ƙauye a arewacin Ingila. Duk Juma'a abokan aiki sai sun ce in zo mu je mashaya, na ƙi har na gaji, yanzu sun fara ganin kamar ina da girman kai. Ya zan yi? Daga 'yar'uwarku 'yar Katsina.

AMSA: Ƙanwata sannu da haƙuri. Ki fara gane cewa su ba wai suna gayyatarki ki bugu ba ne, a ƙauyen Ingila in kika cire coci da ɗan shago to nan ne kaɗai wurin haɗuwa, can ake cin abincin ranar Lahadi da yara da kakanni har da kare a ƙarƙashin tebur, can ake kacici-kacici da daddare, can ake taruwa bayan jana'iza. Sun ɗauke ta da muhimmanci har in za a rufe ta mutanen gari kan haɗa kuɗi su saya, kamar yadda 'yan Hesket Newmarket a Cumbria suka yi wa tasu, The Old Crown, a 2003. Saboda haka in kin ce a'a ba bayani, su abin da suke ji shi ne ba kya son zama da su.

Ni ba mufti ba ne, kuma malamai suna kawo hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, wannan ki kai wa malaminki ki ji. Abin da zan ƙara shi ne al'adar da ke cikin wurin. Ba mai zuwa tebur ya tambaye ki, ke za ki je kanta ki biya, sannan suna da ɗabi'ar karɓa-karɓa, wannan ya saya wa kowa, in an shanye wancan ya tashi. Kin ga ko lemo kika sha, layi zai zo kanki ki sayi giya da kuɗinki, nan ne matsalar take tun kafin a je ko'ina. Ki faɗa musu gaskiya sau ɗaya cewa addininki ne, sannan ki kawo naki tayin, shayi da kek a wani shago ranar hutu, ko ki dafa dafa-duka ki kai wurin aiki. Bature yana girmama wanda ya faɗi dalilinsa ƙarara fiye da mai cewa kullum yau kaina ke ciwo.

TAMBAYA: Me ya sa kowace mashaya a finafinan Ingila da allo mai hoton zaki ko bishiya a ƙofa? Daga ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Tun 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya rataya alama don jami'an da ke duba ingancinta su gane gidan, da yake yawancin jama'a ba su iya karatu ba sai aka koma hoto. Jan zaki, Red Lion, shi ya fi yawa a ƙasar. Bishiyar kuma, Royal Oak, tuni ne da Charles na Biyu da ya ɓuya a kan wata bishiya a Boscobel a 1651 bayan an ci shi da yaƙi a Worcester, sojoji suna ta nemansa a ƙasa shi yana sama a maƙale.