Tambaya da Amsa: Ɗana ya kafe sai karatun kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni tela ne a Makka, na shekara talatin ina ɗinki a nan. Babban ɗana ya gama sakandare, na so ya karanci likitanci ko ya riƙe mini shago, shi kuma ya kafe sai kimiyyar kwamfuta. Ni abin da nake gani kawai, yara sun duƙufa kan waya dare da rana. Me wannan karatu yake tsinana wa mutum? Wani uba daga Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana zuri'a.

Tunda ka daɗe a ƙasar nan, ka san yadda ake sabunta takardu a da: sammako bayan asuba, fayil a hammata, layi har azahar. Yanzu da tsarin intanet na Absher, wanda ma'aikatar cikin gida ta fara a 2010, kafil, wato uban gidan da ya tsaya wa baƙo, yana zaune a falonsa zai sabunta igama, takardar izinin zama, kai ma ka fitar wa iyalinka bizar fita da dawowa kana kan keken ɗinki. Kuɗin wuta ta tsarin biyan kuɗi na SADAD kake biya, masu kawo ɗinki kuma da katin banki na mada suke sallamarka. Masu irin karatun da ɗanka yake so ne suka gina waɗannan.

Aikin nasu ya wuce latse-latse. Ɗauki jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, mai tafiyar kilomita kusan 450 tsakanin Makka da Madina ta Jidda. A ce kujera ɗaya ta rage, mutum biyu suka danna saye a daƙiƙa guda, ɗaya a unguwar Misfala nan Makka ɗaya a Kano. Dole a ba wa ɗaya, a hana ɗayan, kuma kada a cire kuɗin wanda bai samu ba. Yadda za a tsara wannan ba tare da kuskure ba, darasi ne sukutum da ake koyarwa a jami'a. Haka ma ɓoye lambar katinka don kada ɓarawo ya karanta ta a hanya, lissafi ne zalla.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne jifan shaiɗan. Bayan turmutsitsin 2006 a Jamarat, inda mutum fiye da 340 suka rasu, masana sun zauna da hotunan bidiyo suna auna yadda cunkoso yake rikiɗewa ya zama haɗari. Aka sake gina gadar wurin jifan hawa-hawa, aka kuma riƙa amfani da kwamfuta wajen raba wa tawagogi lokacin fita daga tantuna. Ban ce an gama da matsalar ba, turmutsitsin da ya faru a Mina a 2015 yana zukatanmu. Amma alhazai sama da miliyan 1.8, kamar na 2023, ba a juya su da biro da takarda. Ziyarar Rauda ma yanzu a manhajar Nusuk ake neman lokaci.

Inda nake tare da kai: ba duk mai son waya ne zai iya ba. Yaron da wasan gem ya ja shi, shekarar farko zai gudu. Ka dubi makinsa na lissafi. Ka lura ko yana iya zama awa biyu kan abu ɗaya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, irin zaman da kake yi wa wuyan babbar riga. In yana da wannan haƙurin, Jami'ar Ummul Qura tana nan kusa da ku, Jami'ar Sarki Abdul'aziz kuma tana Jidda, sai ku bincika sharuɗɗan karɓar 'ya'yan mazauna tun da wuri.

Kafin nan ka gwada shi da shagonka. Ka ce ya tsara maka awon kowane mai ɗinki, da ranar karɓar kaya, da bashin da kake bi, yadda kafin azumi ya raba za ka san ɗinkin sallah nawa ya rage maka.