Ku Tambayi Masana: Kafin a Ce Yaro Daƙiƙi Ne, Me Aka Auna?

Tambaya: Ina koyar da aji huɗu na firamare, yarana 80. Akwai kamar 15 da ko sunansu ba sa iya karantawa. Abokan aikina sun ce daƙiƙai ne, in ƙyale su, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Yaya zan gane abin da ke damun kowannensu? Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri da ba ki ƙyale su ba. Da wuya a ce abu ɗaya ke damun yara 15, don haka ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki kuma fara da jiki kafin ki zargi ƙwaƙwalwa.

Ido tukuna. Ki nemi takardar gwajin ido mai harafin E da ke fuskantar sama, ƙasa, dama ko hagu, domin ba ta buƙatar yaro ya iya karatu, da hannu zai nuna. Ki manna ta inda haske yake, ki auna mita 6, yaro ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da ya danna shi ba. Wanda ya kasa layin da aka rubuta 6/12, a kai shi asibitin ido. Ki riƙa shigo da su ɗai-ɗai, don in suna tsaye a layi na baya zai haddace amsar na gaba. Sai kunne: ki tsaya bayan yaro nisan tsawon hannu, ki toshe masa kunne ɗaya, ki furzar da numfashinki sannan ki raɗa kalmomi kamar "kaza" ko "tulu" ya maimaita. Ki tambayi uwarsa ko kunnen na zubar da ruwa, ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda mai tsanani. Yaron da kullum yake karkata kai gefe ɗaya, ko yake kallon bakinki in kina magana, sau da yawa ba ya ji ne sosai. Daga nan ki buɗe rajista. Wanda ya rasa kwana 20 a zango saboda talla, gona ko ciwon sikila, karatun ne bai same shi ba.

Bayan haka ki auna karatun, da Hausa, ba da Turanci ba. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ke bi tun 2005 ta fi sauƙi. Ki ba yaro sakin layi mai jimloli huɗu. In kuskurensa bai wuce uku ba, ki ba shi ɗan gajeren labari. In ya kasa, ki sauko kan kalmomi biyar, ya samu huɗu. In ya kasa, haruffa biyar, nan ma huɗu. Kowane yaro zai faɗa ɗaya daga matakai biyar: labari, sakin layi, kalma, harafi, ko wanda bai fara ba. Minti biyar ya ishi kowane, in kina gwada goma a rana kin gama ajin duka cikin kwana takwas. Duka ajin muke nufi, saboda za ki tarar da waɗanda hadda ce ke rufa musu asiri.

Ki kula da irin kuskuren. Yaron da ya fara makarantar allo zai iya soma layi daga dama, wannan sabo ne, ba cuta ba. Rikita b da d, balle ɓ da ɗ, abu ne da aka saba gani har zuwa shekara bakwai ko takwas. Yaron da Fulatanci ake yi a gidansu, gwajin Hausa ma zai iya zaluntarsa. Wanda ya kamata ki ware shi ne mai lafiyar ido da kunne, mai zuwa kullum, mai amsa tambaya da baki daidai, amma bayan zango guda na koyarwa a ƙaramin rukuni, minti 30 kullum, har yanzu ba ya haɗa "ka" da "za" su ba shi "kaza". Shi ke buƙatar masanin ilimin yara masu buƙata ta musamman.

Ita kuwa kalmar daƙiƙi, muna roƙon ki hana ta a ajinki. A binciken da Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa a 1968, an gaya wa malaman wata firamare a Kalifoniya cewa wasu yara, kusan ɗaya cikin biyar, za su yi fice a shekarar. Alhali da ƙuri'a aka zaɓe su. Ƙarshen shekara waɗannan yaran suka fi ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da biyu. Masana sun soki wasu sassan aikin, binciken da aka yi daga baya kuma ya nuna tasirin bai kai yadda aka zuzuta ba, amma yana nan. Yaro ɗan shekara tara da ya ji malamai uku sun kira shi da suna ɗaya, zai karɓe shi ya koma bayan aji ya daina ɗaga hannu.

Tambaya: Ina digiri na biyu a fannin ba da shawara ga ɗalibai. Ina son binciken yadda 'yan sakandare ke gane ko su wane ne, da ma'aunin Marcia. Zan iya fassara takardar tambayoyin in raba kawai? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Malam, in ka yi haka za ka samu lambobi, amma ba lallai su faɗi gaskiya ba. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ne ya ce babban aikin ƙuruciya, daga kamar shekara 12 zuwa 18, shi ne amsa tambayar "wane ne ni?". A 1966 James Marcia ya mai da zancen abin aunawa da tambayoyi biyu: matashi ya lalubi hanyoyi daban-daban? Ya tsaya a kan ɗaya? Daga nan aka samu rukuni huɗu: wanda ya laluba ya tsaya, wanda ke cikin lalube, wanda ya tsaya kan abin da aka miƙa masa bai laluba ba, da wanda bai yi ko ɗaya ba. Da samari 86 'yan jami'a a Amurka ya yi aikin, ya tambaye su kan sana'a, addini da siyasa.

To ga inda gizo ke saƙa. Ɗan marinin Ƙofar Mata da ya gaji karofin ubansa da alfahari, ma'aunin zai jefa shi rukuni na uku, wanda ake yi wa kallon bai gama nuna ba. Haka kusan duk ɗalibin da ka tambaya ko ya taɓa shakkar addininsa. Amma yaranmu suna lalube, sai dai a cikin gida suke yinsa: wane malami zan bi, in haɗa boko da kasuwa ko in zaɓi ɗaya, in zauna garinmu ko in tafi Legas. Don haka ka lissafa kowane fanni daban, kada ka haɗa su maki ɗaya. Ka kuma tuna da ƙididdigar da aka ciro daga aikin Jeffrey Arnett na 2008: kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya.

Shawararmu ka fara da gwajin Kuhn da McPartland na 1954. Ka ba ɗalibai 40 farar takarda, kowa ya amsa "wane ne ni?" sau ashirin da kalmominsa. Ka ƙirga sau nawa aka ambaci addini, gari, gida, sana'ar gado, da halaye irin haƙuri, kunya da amana. Abin da ya fito shi zai nuna maka tambayoyin da ma'aunin ya rasa.

Fassara kuwa mutum biyu take so: ɗaya ya mayar Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar Turanci, ku kwatanta. Sannan ka zauna da ɗalibai goma, kowa ya faɗa maka abin da ya fahimta da kowace tambaya. Ka gwada da 30 zuwa 50 daga makarantar da ba ta cikin bincikenka, ka duba ma'aunin Cronbach, mai nuna ko tambayoyin sun dace da juna, ya kai 0.70. Ranar cikewa, malamin aji ya fita, kada a rubuta suna, 'yan mata mace ta kula da su. In ba haka ba ladabi zai sa kowa ya zaɓi "na yarda ƙwarai" daga sama har ƙasa. 'Yan ƙasa da shekara 18 sai da izinin iyaye.

Tambaya: Ɗana yana aji ɗaya na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Tun yana ƙarami muke kiransa Likita, yanzu ya ce shi ba ya so. Ko abokai ne suka hure masa kunne? Daga wani uba a Azare.

Amsa: Alhaji, mai yiwuwa yaron ya shiga shekarun lalube ne, kuma gara ya yi shi yanzu da ya yi shi a shekara ta uku a jami'a. Ka karɓi sakamakonsa na lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, domin su da Turanci ne darussa biyar da ake nema a shiga karatun likita. In a nan yake faɗuwa, tsoro ne ke magana, darasin ƙari zai iya gyara shi. In yana ci amma ransa ba ya so, ka tambaye shi me yake so, kai da shi kawai, ba a gaban ƙannensa ba. Lokacin hutu ka haɗa shi da mai wannan aikin ya wuni da shi kwana biyu ko uku. A kuma dakata da kiransa Likita. Amma in ka ga ya yi mako biyu ba ya cin abinci sosai, barcinsa ya rikice, ya janye daga abokai, wannan ya wuce zancen zaɓin darasi, ka kai shi asibiti a duba shi.