Amsa ga mai tambaya kan pel-el: nauyi ya ƙi kaiwa, ga bauri, ƙamshi kuma ba ya daɗewa

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce kana jiƙa tsiron sha'ir kilo 4.5 don ka sami lita 20 na pel-el, wato giyar sha'ir mai hasken launi, kana sa ran haidromita (ma'aunin nauyin ruwa, mai nuna yawan sukarin da ke ciki) ta nuna 1.050 amma kullum a 1.042 take tsayawa, giyar tana da bauri da wani ɗanɗano kamar na magani, kuma ƙamshin hof ɗin (furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi) yana gushewa kafin mako 3 a kwalba. Sai ka tambaya ko ka canza tsiro da yis. Ni dai shawarata kar ka taɓa su tukuna. Na yi shekaru ina wannan dahuwa, kuma duk abin da ka lissafa ya taɓa samuna, ko sau ɗaya laifin bai zama na kayan haɗi ba.

Fara da awo. Lita nawa ke shiga bokitin tsiminka a zahiri? Ba ka faɗa ba, kuma ina zargin ba ka auna ba. Sukarin da zai ba ka 1.050 a lita 20, idan ya watsu a lita 23 kusan 1.043 zai nuna. Ka ga ke nan wataƙila babu abin da ya ɓace, ruwa ne ya yi yawa. Na daɗe ina zagin injin ɓarzata kafin na gane tukunyata ba ta ƙone ruwa yadda nake zato. Sami sanda mai tsabta, ka riƙa zuba ruwa lita-lita a tukunya kana yi mata alama. Sannan ka tuna kowane kilo na tsiro yana shanye kusan lita 1 da ba za ta dawo ba.

Su ma ma'aunan a gwada su. Haidromita a ruwa zalla, a zafin da aka rubuta a jikinta (yawanci digiri 20), dole ta nuna 1.000. Idan ka auna ruwan tsiro da zafinsa, lambar za ta fito ƙasa da gaskiya. Ma'aunin zafi kuwa ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara, ya ba ka sifili. Nawa na farko ya yi ta yi mini ƙarya da digiri 3, ina jiƙo a 69 ina cewa 66 ne, ina mamakin yadda giyar ke fitowa da zaƙi da nauyi a baki.

Idan awo ya yi daidai kuma har yanzu da giɓi, to duba ɓarza. Ɗebi tafi ɗaya ka baza a faranti. Ana so kowace ƙwaya ta fashe, cikinta ya zama tsaki da ɗan gari, ɓawon kuma ya rage kusan ɗungurum domin shi ne matatarka. In ka ga ƙwayoyi lafiyayyu da ba su fashe ba, sukarinsu a dusa zai tafi. Tazarar kusan milimita 1 tsakanin rodin injin tana yi wa yawancin mutane, mai jiƙo a cikin jaka kuma yana iya matsewa fiye da haka. Ruwan jiƙo lita 2.5 zuwa 3 ga kowane kilo, a juya sosai har curin gari ya mutu, a riƙe tsakanin digiri 65 da 67 na awa 1. Ƙasa-ƙasa yana ba da giya mai sauƙi wadda yis ya cinye sukarinta sosai, sama-sama yana barin kauri. Ga pel-el ni 66 nake tsayawa. Kar ka yi gaggawar ɗauraye dusar; tatsa a hankali ta fi fitar da sukari.

Yanzu ga bauri da warin magani, waɗanda a ganina abubuwa biyu ne daban. Warin magani, irin na filasta, kusan kullum kulorin ɗin ruwan famfo ne ya haɗu da sinadaran tsiro da na yis. Kulorin zalla yana tashi idan ruwa ya kwana a buɗe ko an tafasa shi, amma kuloramin, wani nau'insa da ake sa wa ruwan famfo, ba ya tafiya da sauƙi haka. Ƙwayar Campden, mai kawar da su duka biyun, guda tana isar wa kusan lita 75, don haka rabi ya wadatar da dukan ruwan dahuwa ɗaya. Niƙa ta ka zuba tun kafin ruwa ya taɓa tsiro, na jiƙo da na ɗauraya duka. In kana wanke kaya da bilic, daina. Wannan gyara kaɗai ya canza mini giya fiye da duk wani abu mai tsada da na taɓa saya.

Bauri kuwa daga ɓawon hatsi yake fitowa, idan ruwan ɗauraya ya yi zafi da yawa kuma pH ɗinsa (awon tsamin ruwa; ƙaramar lamba, tsami mai yawa) ya haura 6. Tsaya a digiri 75 zuwa 77, kuma ka daina tatsa idan abin da ke fita ya sauko wajen 1.010. Jiƙon kansa ana so pH ɗinsa ya zauna tsakanin 5.2 da 5.6. Tsiro mai haske ba ya saukar da pH kamar gasasshe, shi ya sa mai ruwa mai yawan alkali yakan yi baƙar giya mai daɗi amma pel-el ta ƙi shi. Ɗigon asid ɗin laktik yana gyara wannan. Jifsam, wani farin ma'adini, shi ma yana taimakawa, yana kuma fito da ɗacin hof fes; ruwan garin Burton na Ingila, inda wannan giya ta yi suna, cike yake da shi. Amma sai ka san abin da ke cikin ruwanka kafin ka fara zuba irin waɗannan sinadarai da ka.

Ba ka yi maganar zafin tsimi ba, ni kuwa zan yi. Digiri 18 zuwa 20 ake so a cikin ruwan, ba a ɗakin ba, domin yis yana ɗumama bokiti da digiri 2 ko fiye a kwanaki ukun farko. Manna ma'auni a jikin bokitin ka rufe shi da tsumma. Kuma kar ka yarda da kumfar da ke fita ta bututun murfin bokiti, haidromita ce mai faɗin an gama: lamba ɗaya kwana 3 a jere, galibi tsakanin 1.010 da 1.014. Bar ta ta ƙara kwana biyu a kan yis don ya share ɗanɗanon man shanu da na ɗanyen tuffa.

Ƙamshin da ke gudu kuma aikin iska ne. Kafin yis ya fara aiki oksijin abokinka ne, bayan nan duk inda ya shiga sai ya ci ƙamshi ya duhunta launi. In ka lura kwalbar mako 4 ta fi ta makon farko ja, to ka kama ɓarawon. Daina juye giyar zuwa bokiti na biyu, babu amfaninsa a nan. Busasshen hof, nau'in Cascade ne ko waninsa, zuba shi a bokitin tsimi kwana 3 kafin ɗura kwalba, ka buɗe murfi sau ɗaya ka rufe. Yi ɗuri da tiyo daga gindin kwalba ba tare da fantsama ba, sukari kamar giram 6 a lita don giyar ta yi gas, kwalba mai ruwan ƙasa saboda haske. Da gas ɗin ya kama bayan mako 2, kai su firji. Wani abin da ya yi mini aiki: rage hof na farkon tafasa, ka ajiye mafi yawa sai an kashe wuta ruwa ya sauko wajen digiri 80, ya jiƙu minti 20.

A dahuwa ta gaba kar ka yi duk wannan lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba. Sa Campden, gyara ɓarza, auna lita kafin tafasa da bayanta, sauran ka bar su yadda suke. Ka turo mana lambobin da hoton tsakin a faranti mu duba tare.